Shekarar da Na Durƙusa wa Takalmi

Tun ran da Hadiza ta kawo babban hoton nan ta rataya a bangon ɗakina nake neman bakin da zan yi muku wannan magana, ban samu ba, shi ya sa na ce bari in rubuta. Kun tuna abin da ya faru. Na dawo daga masallaci, na ga hoton wata mace da farin lulluɓi, na ce, "Wace ce kuma wannan?" Hadiza ta fita tana kuka, babban yayanku ya kawar da kai, har yau ba wanda ya sake tayar da zancen. Na san abin da ke ranku: wata bakwai kacal da rasuwar innarku, tsoho har ya mance kamanninta. To ku natsu ku ji. Ba mantawa na yi ba. Shekara arba'in da uku muka yi da Kulu, ban taɓa sanin fuskarta ba. Ban san taku ba. Tawa ma, in na ci karo da madubi ba shiri, sai na motsa hannu nake tabbatar da ni ne.

Kun taso kuna jin ana cewa Baba ba ya gane mutane, kun ɗauka zolayar 'yan kasuwa ce, ko wani ɗan sakaci irin na mai yawan aiki. Ba ku san zurfin abin ba, kuma laifina ne da ban taɓa zaunar da ku ba. Idona garau yake, har gobe ina zura zare a basilla ba tabarau. Ina ganin ido, ina ganin hanci da baki. In mutum yana fushi na gani, in yana murmushi na gani. Amma da ya juya baya shi ke nan, kamar an zuba ruwa a rairayi, in ya dawo sabon mutum ne. Wani likita da na taɓa ɗinka wa jaka ya ce mini abin yana da suna a littattafansu, kuma ba ni kaɗai ba ne a duniya. Na tambaye shi magani, ya ce babu.

Inna, wato kakarku, ita ta fara ganewa. Ina ɗan shekara bakwai ta tafi da ni biki garinsu, Anka. Mata cike da tsakar gida, kusan kowa da baƙin saƙi. Na ɓace mata, na shiga kuka ina bin mata ɗaya bayan ɗaya ina jan zanensu, alhali tana tsaye a gabana da ƙwarya a hannu. Da gangan ta yi shiru. Ta ce sau uku ina duban ta ina wucewa, sai da ta kira sunana na ruga na rungume ta. Ta ja ni bayan rumbu, ta durƙusa daidai tsawona, ta riƙe mini kunne.

"Abin ga da nig gani yau, daga ni sai kai sai Allah. Kas ka hwaɗa ma kowa, ko ubanka. In mutane sunka ji, cewa za su yi iskoki na, ko taɓin hankali, ba mai ba ka ɗiyatai aure. Kai ɗan baduku na. Ka riƙa duban ƙasa, kowa da irin ƙahwar da Allah ya ba shi."

Allah ya jiƙan Inna, da wannan magana ta ba ni sana'a biyu. A rumfar ubana a kasuwar Gummi na koyi yankan ƙirgin fata da ɗinkin takalmin fade, a nan kuma na koyi karatun ƙafa. Liman babban yatsansa na dama farcen a tsage yake. Mai fura ta bakin masallaci tana da tabon kurkunu a idon sawu. Fulanin da ke shigowa ran kasuwa kuwa ba su ba ni wahala, don rabin sambatsan da ke ƙafarsu daga rumfarmu suka fita, kuma baduku ba ya ɓata ɗinkinsa. In ƙafa ba ta ishe ni ba sai in jira mutum ya yi magana, murya ta ƙarasa mini. Haka na girma kaina a sunkuye, mutanen gari suna ta yabo, wai ɗan baduku akwai kunya, ba ya ɗaga ido ya dubi babba. In na ji sai in yi dariya a ciki. Har ubana ya rasu na gaji rumfa bai sani ba.

Wannan kunyar ta aro ita ta samo mini innarku. Kakanku Malam Arzika manomi ne daga wani ƙauye kusa da Bukkuyum, yana kawo gero da taba kasuwarmu. Ƙafarsa ba ta ɓuya: faffaɗa ce, ƙaramin yatsan hagu ya hau kan ɗan'uwansa, galma ce ta taɓa sare shi yana saurayi. Tun daga layin masu gishiri nake hango ta, kafin ya iso na miƙe, na tuɓe takalmi, na durƙusa. Abin yana yi masa daɗi ƙwarai. 'Yarsa Kulu kuwa ita ke kawo gyaran takalmansa, kuma bakinta ba ya shiru, tun daga nesa za ka ji tana ciniki tana tsiya. Wasu samari surutun nan ke korar su. Ni shi ya jawo ni, don mai surutu ba ya ɓace mini. Aka yi magana, ta ce tana so, aka ɗaura.

Shekarar da nake so in ba ku labarinta ita ce ta biyu da aurenmu, lokacin nan duk muna cikin Jihar Sakkwato. Kuɗi sun shigo ƙasa, takalman roba sun cika kasuwa, ka ga mutum goma da silifa iri ɗaya. Abin ya taɓa mini ciniki, ya kuma taɓa mini ido, amma ita silifa ko ba komai tana barin yatsu a waje. A shekarar ne kakanku ya sayar da shanu biyu ya hau jirgi ya sauke farali. Innarku kuma tana gidansu goyon ciki, don cikin fari ne. Ya dawo da 'yan kwanaki ta sauka, aka sami yayanku, wanda har yau ba na faɗin sunansa. Na je barka da sauka, ban sha wahala ba: maigida yana zaune a kan buzunsa a zaure, ƙafa a waje. Na durƙusa daga bakin ƙofa na yi gaisuwa, ya amsa da ka kamar yadda suruki ke yi. Aka yi suna lafiya. Na komo Gummi na sa aka yi wa ɗakinta sabon daɓe, ina ƙirga kwanakin arba'in.

Saura kwana tara, ran kasuwa, ina duƙe kan kuben takobin wani Bafillace da ya tsaya mini a ka tun safe. Rana ta karkata, haske ta bakin rumfa kawai yake shigowa. Sai inuwa ta rufe ni. Na dubi ƙasa kamar kullum: mutum uku, dukansu da takalmi sau-ciki da safa. Na tsakiyan nasa ruwan ƙasa ne, da ɗan ƙarfe mai ruwan zinariya a gefe. Ba yatsa, ba dunduniya, ba abin da zan kama. Aka yi sallama da wata murya a shaƙe, irin ta tarin nan da alhazai ke dawowa da shi. Na ɗaga kai, wallahi na ɗaga, na dube shi ido cikin ido. Farar riga, farar hula, haƙorin Makka. Irinsa sun fi goma da suka wuce ta gabana a ranar. Ni kuwa kun san ni da ɗan zafi in aiki ya cushe.

"Wa alaikumus salamu. Alhaji, in ba saye za ka yi ba, gusa kaɗan, ka tare mani haske."

Takalman uku suka juya suka tafi, na koma kan kubena. Sai na ji maƙwabcin rumfata ya saki guduma.

"La'ilaha illallahu! Garba, ka haukace? Ka san wa ka kora? Uban matarka na!"

Na miƙe ba takalmi na ruga cikin kasuwa. To amma wa zan bi? Ko'ina farar riga, ko'ina farar hula. Na zaga layin hatsi, na zaga kasuwar shanu, na koma tasha, ina leƙen ƙafafun mutane kamar wanda ya yar da allura. Daga baya aka ce mini yana tsaye gindin ceɗiyar tasha, na wuce ta gabansa har sau biyu ina waige-waige, ya ɗauka da gangan nake yi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne da na ji dalilin zuwansa. Mutanen nan biyu abokan tafiyarsa ne da suka kwana ɗaki ɗaya a Makka. Ya cika musu kunne da labarin surukinsa mai ladabi, wanda ke tuɓe takalmi tun daga nesa, shi ne ya kawo su su gani da idonsu.

Arba'in ta cika, ba a kawo Kulu ba. Kwana hamsin, sittin, shiru. Na tura Kawu Bawa, ƙanen Inna, ya je ya dawo da saƙo gajere.

"Ya ce a hwaɗa ma, tunda ba ka san shi ba, shi ma bai san gidan da za ya kai ɗiyatai ba."

Na tura dattawan unguwa, aka karɓe su da mutunci, aka ba su fura, aka sallame su hannu banza. Wata uku ina shiga ɗakin nan mai sabon daɓe ina fitowa. Abinci ya daina shiga. Ɗana sau ɗaya na gan shi, abin da na riƙe nasa kawai 'yan yatsun ƙafa ne, jajaye kamar tsabar gyaɗa. Sai labari ya zo cewa Alhaji ya fara zancen a karɓo wa 'yarsa takarda. Ran da na ji, da hantsi, na sami Inna tana kaɗi a inuwar ɗakinta, na zauna na ce mata zan je da kaina in gaya masa gaskiya. Mazari ya tsaya a hannunta.

"Wace gaskiya? Ka ce zazzaɓi na. Ka ce rana ta buge ka, ka ce komi, ban da wagga. Shekara nawa ina ruhe ma asiri, ka tai ka kware shi gaban surukai? Ga ƙanwarka Ige ana nema. In anka ce ciwon gidanmu na, wa ka ɗaukar ta?"

Na ce to. Na yi mata alkawari, na tashi da niyyar ƙaryar zazzaɓi. Na kuma ƙudura a raina cewa wannan karon ba za a yi biyu ba, don takalmin nan ruwan ƙasa mai ɗan ƙarfe na haddace shi kamar Fatiha. Ko cikin mutum dubu na gan shi zan gane.

Muka hau kekuna ni da Kawu Bawa tun da sassafe, muka ƙetare gulbi, muka isa bayan azahar. Maza suna zaune gindin ɗurumi a ƙofar gidan, sun kai takwas, yawancinsu a kan tabarma sun tanƙwashe ƙafafu cikin riguna. Kawu ya tsaya jingine kekuna yana gaisawa da wani. Ni kuwa zuciya ta ci ni, ban jira shi ba. Idona ya sauka kan takalmin, ga shi nan a ƙafar wani da ke zaune kan turmi a kife. Na tuɓe nawa tun daga nesa, na tafi a sunkuye, na ratsa ta gefen tabarma, na zube a gabansa har goshina na taɓa ƙasa. Ƙaryar zazzaɓin ma ta gudu. Kuka ya ƙwace mini, ni da ban yi kuka ran da ubana ya rasu ba.

"Baba, ka yi mani rai. Na yi laihi, ban da bakin magana. Ka buge ni, ka zage ni, ka sa in yi ma noma shekara bakwai, amma don Allah don Annabi kas ka raba ni da iyalina."

Ina faɗa ina kama ƙafar, ita kuwa tana ja da baya. Sai na ji murya daga sama, siririya, wadda ba ta kakanku ba.

"Kai! Kai! Sakan mani ƙahwa! Ni Nomau na!"

Nomau, ƙanen Alhaji. Ashe sau-cikin yana matse wa Alhaji yatsan nan da ya hau kan ɗan'uwansa, ya gaji ya ba ƙanensa. Ni kuwa na zo tun daga Gummi na zube wa takalmi. Wuri ya kaure. Wani ya ce iskanci ne, na biyo su har gida in yi musu ba'a. Wani ya ce a kore ni da sanda. Kawu Bawa ya iso yana salati, yana cewa, "Garba, ka kashe mu." Ni dai ina durƙushe, da ƙasa za ta tsage da na shige. Na tabbata aure ya ƙare. Sai wata murya ta fito daga gefen tabarma, ta warke sarai daga tarin, muryar da na sani kamar ta ubana.

"Ku bar shi."

Yana zaune bai fi taku biyu daga inda nake ba, yana tufkar igiyar rama. Ta gabansa na wuce, har rigata ta shafi gwiwarsa. Ya ci gaba da tufka, bai ɗaga murya ba.

"Garba, tun da kas sauka bisa keke nike kallon ka. Ba ka dubi huskar kowa ba. Wanda yaz zo ba'a ba shi kuka haka. Mi kake nema ƙasa?"

Na tuna Inna da mazarinta, na tuna alkawarin da na yi mata. Na kuma tuna ɗakin nan mai sabon daɓe. Sai na buɗe baki na faɗa, tun daga bikin Anka har zuwa ran kasuwa, ban rage komai ba. Na ce masa ban taɓa sanin fuskarsa ba, yatsansa na sani da muryarsa, ran nan kuwa ya zo mini ba ko ɗaya. Ina magana ina jin kamar ana tuɓe mini riga a tsakiyar kasuwa. Da na gama, Nomau ya yi tsaki, ya ce ƙarya ce, ina aka taɓa jin mai ido biyu lafiyayyu bai san fuska ba, wayo ne irin na 'yan birni. Wasu suka ce haka ne. Ban ga laifinsu ba, ni ma da wani ya ba ni labarin da ban yarda ba.

Ashe mata sun taru a cikin zaure suna saurare. Sai muka ji gyaran murya daga bayan ƙyaure. Ku da kuka taso yanzu ba za ku san nauyin abin da innarku ta yi ba. A wancan zamani, mace ta yi zancen mijinta a gaban ubanta, ga baffanninta zaune, ga ɗan fari a bayanta, abu ne da ba a yi. Amma ta yi.

"Baba, a gahwarce ni, gaskiya shika hwaɗi. Sati biyu da kai ni nig ga in na yi shiru ba shi sanina. Sai na ari zanen maƙwabciya, na shigo da sakaina awa mai ɗibar wuta. Ya dube ni, ya kau da kai, ya ce, 'Baiwar Allah, matar gidan ta ɗan hita, ki jira ta.' Tun ran nan ban ƙara shiga inda shike ba sai na ce ni ta."

Wani dattijo ya fashe da dariya, ya toshe baki da hannun riga. Na tuna matar nan mai sakaina sarai. Kuma gaskiya ne, kullum Kulu za ta shigo sai ta ce "Ni ta", abin da ku 'yan boko kuke cewa "ni ce". Na ɗauka wani salo ne nata na masu surutu. Ashe fiye da shekara ta san abin da nake ɓoyewa, ba ta gaya wa uwarta ba, ba ta gaya wa ƙawa ba, ni kaina ba ta nuna mini ta sani ba don kada in ji kunya.

Alhaji ya ƙarasa tufkar da ke hannunsa. Sannan ya ajiye igiya, ya zaro ƙafarsa ta hagu daga cikin riga ya miƙo ta gabana.

"Wagga hwa?"

"Ita na sani, Baba. Galma ta sare ta kana saurayi, kai kab ba ni labari ran da nif fara auna ta."

"Ashe ni niz zo ma a ruhe." Ya juya wajen ƙanensa. "Nomau, ka riƙe takalman ga da kyau, sun sha ban-haƙurin da ni ban samu ba."

Aka yi dariya, har da Nomau. Amma bai sake ni haka ba. Ya ce laifina biyu ne, kuma ba ruwansu da ido. Na farko, na karɓi 'yar mutane na ɓoye musu abin da ya kamata su sani. Na biyu, ko da baƙo ne ya tsaya a bakin rumfata, wanda ya yi furfura ya yi sallama ba a ce masa gusa. Wannan na biyun ya fi shiga raina, don gaskiya ce tsantsa. Ya ce in tafi gida, Juma'a mai zuwa za a kawo ta.

Kada ku ɗauka abin ya tafi a banza. Labari ya riga ni isa Gummi. Inna ta yi sati biyu ba ta amsa gaisuwata. Abin da ta ji tsoro kuma ya faru: masu neman gwaggonku Ige suka janye, wai kada a haifa musu irina. Sai da ta ƙara shekara biyu a gida kafin Allah ya kawo mijinta, kuma har ta koma ga Allah ina jin nauyinta a kan wannan. Wasu suka ce sammu ne, na sha rubutu har cikina ya gaji. 'Yan kasuwa suka sami abin wasa, sai biyu su yi musayar takalma su zo su tsaya mini shiru, in na kira sunan da ba shi ba a kwashe da dariya. Wani mara tsoron Allah ma ya zo ya karɓi takalmin da na ɗinka wa wani, ya ce shi ne. Akwai ranakun da na ce da na sani na bi maganar Inna.

Wata guda bayan dawowar innarku, ran kasuwa, inuwa ta sake rufe ni. Na dubi ƙasa, sai ga tsohon fade da na ɗinka da hannuna, ga yatsa a kan ɗan'uwansa. Kafin in yunƙura ya ɗaga murya yadda duk layin dukawa zai ji.

"Garba, Arzika na. In gusa?"

Layi ya ɗauki dariya. Ni ina durƙushe, ban san ko in yi dariya ko in yi kuka ba. Ya tuɓe faden, ya ɗora ƙafarsa a kan ƙirgi, ya ce in auna, daga yau ba ya ƙara sa takalmin da ba ni na ɗinka ba. Ya cika alkawari har ya rasu. Ku duba fa, dattijo, alhaji, suruki, yana faɗa wa mijin 'yarsa sunansa da bakinsa a tsakiyar kasuwa. Tunda shi ya yi, wa zai ce ya fi ƙarfin yi? Sannu a hankali masu musayar takalma suka gaji suka bari. Sai ka ji, "Garba, Liman na." "Garba, mai hura ta." Har Fulani suka ɗauka. Na wayi gari ina zaune a rumfata kaina a ɗage, ba fargaba, abin da ban taɓa ɗanɗanawa ba tun ina ɗan shekara bakwai. Inna da kanta, wata rana ta dawo daga kasuwa ta ji yadda ake yi, ta zauna ta ce, "Ashe mutane sun hi yadda nike zato." Daga nan ne dokar gidanmu ta samo asali, wadda kuke ƙorafi a kanta kuna yara, cewa kowa zai shigo wurin Baba sai ya faɗi sunansa. Ba mulki ba ne, innarku ce ta kafa ta don kada wata rana in tambayi ɗana ko ɗan wane ne.

Na gode wa Allah da ya hana ni abu ɗaya ya kewaye ni da mutanen da suka toshe gurbin. Na gode wa Inna da ta nuna mini ƙasa, na gode wa kakanku da ya ɗaga mini kai. Amma Kulu, ban san da bakin da zan gode mata ba. Shekara arba'in da uku, ko ruwa za ta kawo mini sai ta ce "Ni ta." In mun yi faɗa ba ta yi mini magana, amma wannan ba ta fasawa, sai dai ta faɗe ta da ƙarfi kamar ta jefe ni da ita, ta dangwarar da tuwo ta fita. Ko a asibiti, kwana biyu kafin ta cika, na shiga ɗakin mata, gadaje shida, kowa lulluɓe har ƙafa, na tsaya a tsakiya ina rarraba ido. Numfashi ma da ƙyar take yi. Sai na ji daga gadon ƙarshe, a hankali, "Malam, ni ta."

Saboda haka, Hadiza, ki share hawayenki. Hoton nan ku bar shi inda yake, naku ne, ku da Allah ya ba ku idon ganinsa, kuma ina jin daɗi in na ji kuna cewa ta yi kyau a ciki. Ni nawa yana ƙarƙashin gado, cikin jakar fata. Faden da na ɗinka mata ne na ƙarshe, dunduniyar hagu ta cinye ta waje saboda yadda take jefa ƙafa, ga gurbin babban yatsanta ya kwanta a cikin fata. Na ji ɗayanku yana cewa a ba da shi sadaka tare da sauran kayanta. Ku ba da komai, ban da shi. In kun shigo da safe kun ishe ni na ɗauko shi ina shafa masa mai, kada ku ce tsoho ya rikice. Ku yi sallama, ku faɗi sunanku, ku ɗan jira ni kaɗan. Innarku nake kallo.